Aiki ya kai ni baƙon birni na kwana huɗu: yaya zan yi in ga gari?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Wurin aikinmu za su tura ni wani babban birni a ƙasar waje, horon kwana huɗu, kullum daga ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma. Bara ma na yi irin wannan tafiya, na dawo ban ga komai ba sai filin jirgi da ɗakin otal da ɗakin taro. Da aka tambaye ni yadda garin yake sai na rasa abin faɗi. Ni kaɗai zan tafi, kuma ba na jin yarensu. Yaya zan yi in ga gari ba tare da aikin ya sami tangarɗa ba?"

Ɗan'uwa, abin da ya same ka bara ya sami duk wanda aiki ke yawo da shi. Ni ma na daɗe a haka. Aikina kafa na'urori ne a ofisoshi da koya wa ma'aikata sarrafa su, daga baya aka ƙara mini da tsara tafiye-tafiyen na ƙasa da ni. A shekarun farko, in na dawo aka ce "yaya garin?", sai in ce "lafiya lau, akwai sanyi", domin iyakar abin da na sani ke nan. Da launin labulen ɗakina aka tambaya, da na ba da amsa tiryan-tiryan.

Mu fara da lissafi, shi zai rage maka buri. Kwana huɗu awa 96 ne. Cire na barci, kamar 28. Cire na horo, 32. Cire wanka da shiri, cin abinci, zuwa da dawowa, amsa saƙonnin ofis waɗanda ba ruwansu da ka yi tafiya, waya da iyali, da liyafar da masu masaukinka za su shirya a ɗaya daga cikin dararen, wadda ba ka isa ka ƙi zuwa ba. In ka yi sa'a awa 8 zuwa 10 za su rage, su ma a gutsuttsure, ɗaya nan, biyu can. Da wannan ba a gama Alƙahira, ba a gama Landan. Wanda ya kwafo jerin wurare goma sha biyu daga intanet ya sa a aljihu, ranar farko zai ga biyu a guje ta tagar tasi, ya koma a gajiye, washegari ya zauna a aji yana gyangyaɗi, daga nan ya ce a kai kasuwa. Awa 10 abin da za su ishe ka shi ne unguwa ɗaya da ka taka da ƙafarka har ka daina duba waya a cikinta, layin mota ko jirgi ɗaya da ka bi har ƙarshensa, sai kuma babban wuri guda. Kada ka raina wannan. Yawancin masu yawon buɗe ido ba sa komawa da haka, domin tsalle suke yi daga wannan wuri zuwa wancan, abin da ke tsakani bai taɓa shiga idonsu ba.

Lokacinka na gaskiya da safe yake. Yamma ba taka ba ce: taro yakan zarce, wani zai tare ka a bakin lif da tambaya, shugabanka zai kira daga gida yana son rahoto, kai kanka a lokacin ƙwaƙwalwa ta yi laushi. Amma tsakanin ƙarfe 6 da 7:30 na safe babu mai nemanka. A lokacin ne kuma gari yake a yadda yake, bai yi wa baƙo kwalliya ba. Masu shara na aiki, ana ɗaga ƙofofin shaguna, motocin kaya na saukewa, yara na rataye da jakar makaranta, tsofaffi na motsa jiki a dandali. Masu farautar baƙi su damfare su kuwa, galibi ba su ma tashi ba.

Sai dai ka duba lokacin fitowar rana da faɗuwarta kafin ka bar gida, don wannan kaɗai yana iya rusa shirin. A Landan tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, kuma kafin 4 na yamma ta faɗi. Ka shiga aji da duhu-duhu, ka fito da duhu. A irin wannan yanayi hutun tsakar rana ne safiyarka, ka ci abinci cikin minti 15 ka fita da sauran. A Yuni kuma garin yana da haske har bayan ƙarfe 9 na dare, yamma ta zama doguwa. Biranen da ke kusa da tsakiyar duniya irin su Nairobi ba su da wannan sauyi, duk shekara wajen 6:30 rana ke faɗuwa, kuma duhu na saurin rufewa. Akwai kuma rikicewar barci in ka tsallaka bambancin lokaci mai yawa. Jiki yakan ɗauki kusan kwana ɗaya kafin ya gyara kowace awa ɗaya ta bambanci, kuma tafiya gabas ta fi ta yamma wahala. Hasken rana shi ne babban abin da ke saita agogon jiki, saboda haka yawon waje ba ya cin aikinka, taimaka masa yake yi. In ɓangaren yamma tafiyarka ta nufa, za ka tsinci kanka ido biyu tun ƙarfe 4 na asuba ko kana so ko ba ka so. Maimakon juye-juye a gado, jira gari ya waye ka fita. In kuma birnin a kan tudu yake, irin Adis Ababa da ke sama da mita 2,300 ko birnin Meziko da ke wajen mita 2,240, ranar farko ka tafi a hankali. Haki zai kama ka a kan 'yar gangarar da a gida ba ka ko lura da ita.

Yanzu ga yadda nake yawon kansa. Ranar da na sauka, bayan na ajiye kaya, kafin in kwanta a gadon nan da ke kirana, sai in fita in miƙe titi ɗaya na minti 15, in dawo ta wani. Mutum mai lafiya yana cin kusan kilomita 5 a awa, wato minti 15 ya ɗan haura kilomita ɗaya. A wannan fitar ba kallo nake nema ba. Ina neman inda tashar jirgi ko ta bas take, inda kantin magani yake, inda na'urar cire kuɗi take, da kuma abu ɗaya mai tsawo da ake hangowa daga nesa wanda zai nuna mini gida. Daga nan kowace safiya sai in ɗauki kusurwa ɗaya: yau gabas, gobe arewa, jibi yamma. Minti 25 tafiya, minti 25 dawowa ta wata hanya. Zuwa safiya ta huɗu ka zagaye otal ɗinka ta ko'ina, ka san wurin kamar wanda ya yi wata.

Akwai wani masanin tsara birane a jami'ar MIT ta Amurka, Kevin Lynch, da ya wallafa bincikensa a 1960. Ya sa mazauna birane uku, Boston da Jersey City da Los Angeles, su zana masa garinsu da ka, ba tare da duba taswira ba. Sai ya ga kowa da abubuwa biyar yake riƙe gari a kansa: hanyoyin da yake bi, iyakoki, irin kogi ko layin dogo ko babban titin da ya raba gari, unguwanni, kowace da kamanninta, mahaɗai, inda hanyoyi da mutane ke haɗuwa, da alamomi, irin hasumiya ko dutse ko dogon gini. Tun da na san wannan, yawona ya canza. Duk garin da na shiga, tambayata ta farko ita ce ina ruwansa yake. Kusan kowane tsohon birni a bakin kogi ko teku ya tashi, kuma in ka san ta ina ruwan yake da kai, rabin ɓata ya kau. Ta biyu, wane titi ne ƙashin bayan unguwar nan. Ta uku, me nake hangowa daga ko'ina. Ka sami waɗannan uku a fitar farko, sauran sukan zo da kansu.

Wata 'yar dabara da ba ta da kwarjini amma ta fi komai amfani: duk kwanar da ka sha, tsaya ka waiga. Hanya kamanninta biyu, na tafiya daban, na dawowa daban. Wanda bai waiga ba, in ya juyo sai ya ga kamar bai taɓa bin wurin ba. Waya kuma ta zauna a aljihu. Ka duba taswira a ɗaki kafin ka fita, ka riƙe sunan tituna biyu ko uku, sai in ka rikice ka ciro ta. Wanda ke bin ɗigon nan mai shuɗi a allo zai isa inda za shi, amma in ka karɓe wayar ba zai iya komawa ba, ga shi kuma kowa a titi ya gane baƙo ne. Direbobin baƙar tasi na Landan sukan shafe shekara uku zuwa huɗu suna haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, kuma a shekarar 2000 binciken Eleanor Maguire a jami'ar UCL ta Landan ya nuna cewa ɓangaren ƙwaƙwalwarsu mai riƙe taswirar wuri ya fi na sauran mutane girma. Ba cewa nake kwana huɗu zai mai da kai direban tasi ba. Nufina wurin nan a kai yana aiki ne in an ba shi aiki.

Kowane gari kuma yana da dabarar da aka jera shi a kai, kuma minti biyar na karatu kan ishe ka gane ta. Faris gunduma 20 ce, an jera su kamar kwanson dodon koɗi daga tsakiya zuwa waje, kuma lambobi biyun ƙarshe na lambar gidan waya su ne gundumar: ka ga 75005, ka san ta biyar ce. Titunan da suka taso daga kogin Sen, lambar gidajensu daga bakin kogin take farawa, don haka in lamba na raguwa, ruwa ka nufa. A Manhatan ta birnin Niyok tituna lamba gare su, tana ƙaruwa in ka yi arewa, kuma kusan tituna 20 mil ɗaya ne. A Tokiyo kuwa yawancin tituna ba su da suna ko kaɗan, adireshi da lambar unguwa da ta rukunin gidaje da ta gini ake bayarwa. Wanda ya je can yana neman allon sunan titi zai kwana yana nema.

Ka yi hattara da taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa, domin tana yaudara. Wadda Harry Beck ya zana wa Landan, aka fara rabawa a 1933, wadda birane da yawa suka kwaikwaya, da gangan ta watsar da nisa na gaskiya don layuka su fito sarai, kamar zanen wayoyin lantarki. Tana gaya maka inda za ka canza jirgi, ba ta gaya maka nisan wuri. Zuwana Landan na farko na shiga tashar Leicester Square zan je Covent Garden. Na gangara can ƙasa, na jira jirgi, na shiga, ban gama gyara tsayuwa ba ya tsaya, wai mun iso. Na bi layin masu jiran lif, domin matakalar wurin 193 ce. Da na fito na waiga, sai ga titin da na baro yana kallona. Tsakanin tashoshin biyu bai kai mita 300 ba, tafiyar minti biyar a ƙasa, ni kuwa na kashe kusan 20 a cikin rami ban ga komai ba. Tun daga ranar, in tasha ɗaya ce ko biyu a tsakiyar gari, ƙafa nake bi.

Wannan ya kawo mu kan wurin kwana. In kana da ta cewa a zaɓen otal, nemi wanda ke tsakanin kilomita 1 zuwa 3 daga wurin horon, a cikin unguwar da mutane ke zaune. Ka ga ke nan zuwa aiki da dawowa sun zama yawo, sau takwas a kwana huɗu, ba tare da ka ciri ko minti ɗaya daga wani wuri ba. Otal ɗin bakin filin jirgi, ko wanda taron ke cikinsa, shi ne ya cinye maka tafiyar bara. In an riga an kama maka irinsa, to dole ka dogara da layin jirgi ko bas ɗin da ke shiga gari, ka koye shi tun daren farko.

Motar haya ta jama'a ita ce yawon da ya fi kowanne arha, kuma ita ce ta fi nuna gari. Ka zaɓi wadda ke tafiya a sarari, ba ta cikin rami ba, ka zauna gefen taga, ka bi ta har inda ta ƙare, ka dawo. Za ka ga yadda gine-gine ke gajarta, yadda tufafin masu shiga ke canzawa, inda masu kuɗi suka ƙare talakawa suka fara. A Tokiyo layin Yamanote zobe ne, tasha 30, kusan awa ɗaya ya dawo da kai inda ka hau, ba yadda za a yi ka ɓata. A Niyok jirgin fito na tsibirin Staten kyauta ne, minti 25, yana wucewa ta gaban mutum-mutumin 'yanci. A Landan ka hau saman bas mai hawa biyu, kujerar gaba.

Wanda ya fi zauna mini a rai na Santambul ne. Mun tashi aiki wajen 5:30, na gaji liƙis, har na kama hanyar otal, sai na tuna abokin aikina ya ce kullum da jirgin ruwa yake komawa gida. Na bi shi zuwa mashigar Eminonu, muka bi turmutsutsun masu tashi daga aiki muka shiga jirgin Kadikoy. Ba wanda ke ɗaukar hoto sai ni. Wata dattijuwa na saƙa, wani saurayi ya jingina da taga yana barci da jakarsa a ƙirji, tsuntsayen teku na bin jirgin a baya suna kuka. Rana na faɗuwa ta bayan hasumiyoyin tsohon gari, manyan jiragen dakon kaya na jiran layi a bakin mashigin Bosforus, ruwan da ya raba garin biyu. Kamar minti 20 muka sauka. Abokina ya ce, "To, barka da zuwa Asiya," ya yi mini sallama ya shige cikin jama'a. Na baro Turai na zo wata nahiya da katin da ake shiga bas, na zagaya rabin awa, na hau na dawowa, ƙarfe 8 ina ɗaki ina shirin aikin gobe. Da na shiga motar masu yawon buɗe ido da yini guda zan ba ta, kuma da ban ga dattijuwar nan ba.

Amma ka tambayi yadda ake biya kafin ka hau, don a nan baƙi ke jin kunya. Bas ɗin Landan ya daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai kati. A Balin, babban birnin Jamus, babu shingen shiga tasha, ba mai tare ka, amma tikitin takarda sai ka buga shi a 'yar na'urar da ke bakin dandamali. In masu bincike suka same ka da wanda ba a buga ba, tara ce, kuma "ni baƙo ne" ba ta fisshe ka. A Singafo haramun ne ci ko sha a cikin jirgi. A matakala mai tafiya da kanta, Landan dama ake tsayawa, Tokiyo hagu. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, ka san abin yi: tsaya minti biyu ka kalli yadda mutane ke yi, sannan ka bi. Ka kuma san lokacin jirgin ƙarshe na dare.

Babbar ribar da kake da ita a kan ɗan yawon buɗe ido ita ce mutanen da za ku zauna aji ɗaya. Da ɗan gari akan ci gari, ga su kuwa an jera maka kwana huɗu. Sai dai tambaya ta iya tambaya. In ka ce "me ya kamata in gani?", za su lissafo maka abin da ke cikin kowace takardar talla, wuraren da su kansu rabonsu da zuwa tun suna makaranta. Ce musu, "Ran hutu kai ina kake zuwa?" ko "In ɗan'uwanka ya zo daga wani gari yana da awa biyu kacal, ina za ka kai shi?" Ka kuma tambaya kai tsaye, "Wace unguwa ce ba za ka bi da dare ba?" Mutum biyu ko uku za ka tambaya, domin kowa da tsoronsa. In wani ya ce zo mu tafi tare, amsa, ko da ka gaji. Ka dai tabbatar kun fahimci juna a kan lokaci. A Adis Ababa wani abokin aiki ya ce zai zo ya ɗauke ni "ƙarfe ɗaya" ranar Asabar. Na saki jiki ina barci, wajen 7 na safe aka buga wayar ɗaki, wai yana ƙasa yana jira. A Habasha daga wayewar gari ake fara ƙirga awa, ƙarfe 7 namu shi ne ƙarfe 1 nasu, kuma masu jin Suwahili ma haka suke ƙirgawa. Na sauko ido a kumbure, ya yi ta dariya har muka fita gari.

Babban wuri ɗayan nan, zaɓe shi tun daga gida, ka duba ranar da ake rufe shi. Gidan tarihi na Luvur a Faris ba ya buɗewa ran Talata, na Orsay ran Litinin. Fadar Topkapi a Santambul ran Talata take rufe, babbar rufaffiyar kasuwar garin kuma ran Lahadi. Da yawa daga manyan gidajen tarihi suna da dare ɗaya a mako da suke kaiwa can da daddare, kamar Gidan Tarihin Birtaniya ran Juma'a, kuma wannan daren kamar don irinka aka yi shi. In ana sayen tikiti ta intanet, saya, kada layi ya cinye awarka. In ka shiga, ɓangare ɗaya za ka zaɓa, minti 90, ka fito da sauran ƙarfinka.

Maganar tsaro ba ta da yawa, amma kada a tsallake ta. Ɗauki katin otal mai adireshi da yaren garin ka sa a aljihu. Ranar da cajin waya ya ƙare, shi za ka miƙa wa direba. Sauke taswirar garin a waya tun kana gida don ta yi aiki ba data, kuma ka sani manhajojin Google ba sa aiki a babban yankin Sin, sai ka nemi madadinsu kafin ka tashi. Lambar agajin gaggawa 112 ce a duk ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada. Cire katin taro daga wuya kafin ka fita titi, sunanka da wurin aikinka ne kake rataye da su ga duk mai son kiran sunanka kamar ya san ka. Kwamfutar ofis ta zauna a ɗaki. Fasfo kuwa ya danganta: a Japan doka ta ce baƙo ya riƙe na ainihi a jikinsa, a wasu wuraren kwafi ya isa, don haka ka tambaya. Kada ka ɗauki hoton sojoji, 'yan sanda, ofishin jakadanci ko gine-ginen tsaro, kuma a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba laifi ne. Duk wanda ya tare ka kusa da shahararren wuri da fara'a fiye da kima, ya ce "yau a rufe yake, zo in kai ka wani", gode masa ka ƙarasa ƙofar ka gani da idonka. Abin da ya fi ɓarawo haɗari kuwa mota ce. A Birtaniya, Japan, Indiya, Kenya da Afirka ta Kudu hagu ake tuƙi. In ba haka ka saba ba, wuyanka zai juya ɓangaren da ba shi ba kafin ka yi tunani. Duba ɓangarorin biyu, sau biyu, har ka dawo gida.

Saura hakkin masu aikin, tunda su suka biya jirgi. Kada ka tsere daga zama ko ɗaya don yawo. A irin wannan horo ana lura da kujerar da ba kowa, kuma labari yakan riga ka isa gida. Rasit ɗin aiki aljihu ɗaya, na yawonka aljihu ɗaya, kada su haɗu. Na taɓa ganin ma'aikaci mai ƙwazo ya zubar da mutuncinsa a kan kuɗin tasi na yawon kansa da ya cusa cikin lissafin ofis, abin da bai taka kara ya karya ba. In kana so ka ƙara kwana ɗaya na kanka, kuma ina ba ka shawarar ka nema, yi maganar tun kafin a sayi tikiti, a rubuce. Ka tambayi abu uku: wa zai biya bambancin kuɗin jirgi in akwai, shin inshorar tafiya ta ofis ta rufe wannan ranar, kuma bizarka ta kai. Sau da yawa ana ba da biza daidai da kwanakin da ke cikin takardar gayyata, ba ƙari, kuma wuce ta ko da kwana ɗaya yana iya hana ka ta gaba. Ƙarin kwanan a ƙarshe ya fi a farko, domin a lokacin ka san hanya, ka san mutane, hankalinka kuma ba ya kan abin da za ka gabatar. Duk fitar da za ka yi kai kaɗai da yamma, tura wa wani abokin tafiya ko na gida saƙon inda ka nufa da lokacin da kake sa ran dawowa.

Ranar komawa, in jirginka na yamma ne, sallami ɗakin da wuri ka bar jaka a wurin masu karɓar baƙi, kusan kowane otal yana ajiyewa. Ƙirga baya daga lokacin tashin jirgi: awa 3 na filin jirgi in tafiyar ƙasa da ƙasa ce, da tsawon hanya, da ƙarin rabin awa don cunkoso. Abin da ya rage, kashe shi a unguwar da ka riga ka sani, kada ka je neman sabon wuri mai nisa da jirgi a gabanka. In ka zauna a kujerarka, kafin a rufe ƙofa, juya bayan takardar shirin taron ka zana garin da ka: ruwan, babban titin, tashar, otal ɗin, dogon ginin nan. Gefen da ya fito fayau babu komai, ta can za ka fara in an sake tura ka.